Karatun jinya ya fara yi mini nauyi, kuma burina fannin maganin barci ne. Ina neman shawara

Maman Hanifa ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa na wannan zaure. Da fatan kowa yana lafiya, ya aiki, ya iyali.

Na jima ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba. Yau dai na ga gara in kawo kukana, ko Allah zai sa in dace da wanda ya riga ni bin wannan hanya. Ni 'yar Zariya ce, aure ya kawo ni Amurka, muna zaune a Bronx cikin birnin New York da maigidana da yaranmu biyu. Ina zango na biyu na digirin jinya, wato BSN. Kafin a ɗauke ni sai da na yi darussan share fage, su anatomi da fiziyoloji, kemistiri, ilimin ƙwayoyin cuta da lissafin ƙididdiga. Alhamdulillah na fita da A a dukkansu, in ban da kemistiri da na samu B.

Tun farko burina bai tsaya a zama nas kawai ba. So nake in zama nas mai ba da maganin barci a ɗakin tiyata, waɗanda ake ce wa CRNA a nan. Lokacin da aka yi wa ɗana aikin ƙaba yana ɗan shekara biyu, wata mata ce ta zo ta durƙusa daidai tsayinsa, ta miƙa masa abin rufe hancin ya riƙe yana wasa da shi, sannan ta yi mini bayanin duk abin da za ta yi, daga iskar da zai shaƙa har zuwa yadda zai farka yana kuka, ta ce kada in tsorata. Na ɗauka likita ce. Da na ji cewa nas ce, sai abin ya shiga raina ya zauna.

To amma zangon nan ya girgiza ni. Litinin da Laraba lakca ce tun safe har la'asar. Alhamis asibiti, bakwai saura kwata dole mu kasance a gaban malama cikin kayan aiki, wanda ya makara an kore shi a ranar. Ina idar da sallar asuba nake fita in kama jirgin ƙasa, yara ko tashi ba su yi ba. In na dawo da dare ga rubutun tsarin kula da majiyyaci yana jirana, shafi bakwai ko takwas a kan tsoho ɗaya da na yi wa wanka na auna wa jini. Asabar da Lahadi kuma ina aikin kula da wata tsohuwa a gidanta, awa 12, don da shi muke cika kuɗin haya.

A makarantarmu makin ci 77 ne. Mai 76 ya faɗi, kuma wanda ya faɗi darasi biyu an sallame shi ke nan. Ga gwajin lissafin magani a farkon kowane zango, sai ka samu 90 za a bar ka ka ba majiyyaci ko da ƙwaya ɗaya. Jarrabawar farko ta famakoloji, wato ilimin magunguna, na samu 79. Allah ya sani na yi karatu, na haddace sunayen magunguna har ina ambatonsu a wurin wanke-wanke, amma ba haka tambayoyin suke zuwa ba. Sai a ba ka amsa huɗu, duka abin da nas za ta iya yi ne, a ce wanne za ka fara. Ko a jero shida a ce zaɓi duk waɗanda suka dace.

Tambayata ga waɗanda suka wuce nan: haka abin zai yi ta ƙara tsanani, ko akwai inda yake lafawa? In na tashi da B a famakoloji, ƙofar CRNA ta rufe mini ke nan? Kuma tsakani da Allah, uwa mai yara biyu da aiki a wuyanta za ta iya kaiwa can, ko in rage buri tun yanzu? Ku faɗa mini gaskiya ko da ba daɗi.

Baban Sadik ya rubuta:

Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Sannu da ƙoƙari, Allah ya dafa miki. Ni ina Houston, ina shekara ta biyu a makarantar CRNA, kafin nan kuma na yi aiki a ICU, wato sashen masu jinya mai tsanani, na waɗanda aka yi wa tiyatar zuciya. Tunda kin ce a faɗi gaskiya, ba zan rage miki komai ba.

Wahalar makarantar jinya da ta makarantar maganin barci ba iri ɗaya ba ce. Ta jinya yawa ce da ƙarancin lokaci. An tara miki abubuwa rututu, haihuwa, yara, masu taɓin hankali, tsofaffi, kowanne a taɓa sama-sama a wuce, ga rubuce-rubuce, ga dokokin da ba a ɗaga wa kowa ƙafa. Zangon da kike ciki da wanda zai biyo shi su ne mafi zafi a wurin yawancin mutane, don a nan famakoloji da jinyar manya suke haɗuwa. Bayan nan aikin ba ya raguwa, amma kanki zai saba da salon tambayoyinsu.

Tamu kuwa zurfi ce a kan yawa. Ga misali. A makarantar jinya abin da ake so ki sani game da metoprolol shi ne yana rage bugun zuciya da hawan jini, ki ƙirga bugun kafin ki bayar, in ya gaza 60 ki dakata ki kira likita. A wurinmu za a tambaye ki a ina yake kamawa a jikin zuciya, me ya sa propranolol zai iya shaƙe mai asma alhali shi metoprolol da sauƙi, kuma in mai shan sa kullum ya fara zubar da jini a kan teburin tiyata, me ya sa zuciyarsa ba za ta yi saurin da zai faɗakar da ke ba. Ko ki ɗauki succinylcholine, wanda ke sassauta tsoka cikin kusan minti ɗaya don a zura bututun numfashi. Ga mai lafiya kaɗan yake ɗaga potasiyam a jini. Ga wanda ya yi mummunar ƙuna kwanaki da suka wuce, zai iya ɗaga shi har zuciya ta tsaya. Ga wasu masu gadon wata larura kuma yana tayar da zazzaɓi mai kisa, tsoka ta sandare, kuma maganinsa dantrolene ne, miligiram 2.5 kan kowane kilo na nauyin mutum. A wannan lokacin babu buɗe littafi, sai abin da ke kanki.

Ga yadda hanyar take. Hukumar COA, mai tantance makarantun nan, ta gindaya digiri, lasisin aikin nas, wato RN, marar tabo, da aƙalla shekara ɗaya cur ta aiki a sashen masu jinya mai tsanani. Tun daga 2022 duk wanda aka ɗauka digiri na uku yake yi, DNP ko DNAP, kuma ba ya gaza wata 36. Kafin ki fita sai kin cika aƙalla awa 2,000 a asibiti, da majiyyata fiye da 600 da kika yi wa aiki da hannunki, sannan ki zauna jarrabawar ƙasa ta NBCRNA. In kika haɗa shekara 4 ta digiri, 1 ta ICU, 3 ta makaranta, 8 ke nan idan komai ya tafi daidai. A ajinmu kuwa masu shekara ɗaya tak a ICU 'yan kaɗan ne, yawanci sun yi biyu zuwa huɗu.

Maganar B. A'a, B ɗaya ba ta rufe ƙofa, ki kwantar da hankalinki. Yawancin makarantu 3.0 cikin 4.0 suke rubutawa a matsayin mafi ƙarancin matsakaicin makin digiri, sai dai masu nema sun fi kujerun yawa nesa ba kusa ba, don haka wanda ya tsaya daidai 3.0 yana shan jira. Abin da suka fi zuba wa ido shi ne darussan kimiyya: anatomi da fiziyoloji, kemistiri, famakoloji, da ilimin yadda cuta ke ɓata jiki. C a cikin waɗannan ita ce mai ciwo, kuma ko kin maimaita darasin za su ga tsohon makin a takarda. Akwai masu gyara ta hanyar ɗaukar famakoloji na matakin digiri na biyu su ci da A, amma kuɗi ne da lokaci. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, shi ya sa nake so ki riƙe zangon nan da hannu biyu. Jarrabawar farko ce kawai aka yi, 79 tana iya komawa B mai ƙarfi.

Abin da zan roƙe ki shi ne ki bar haddar magani ɗaya-ɗaya. Ki ɗauki farar takarda ki zana jijiyoyin da ke tafiyar da jiki ba da saninmu ba, ɓangaren da ke zaburar da jiki da ɓangaren da ke kwantar da shi. Ki rubuta wuraren da magani ke kamawa: alfa-1 a jijiyar jini, beta-1 a zuciya, beta-2 a huhu. Duk maganin da ya zo, ki tambaye shi abu biyu: ina kake kamawa, kuma kunnawa kake ko kashewa? In kin san wannan, illolinsa za su fito da kansu ba sai kin haddace ba. Zanen nan da na yi a makarantar jinya har yau shi nake ƙara wa rassa. Su kuma tambayoyin "wanne za ka fara", ki bi su da tsari: hanyar iska, numfashi, sannan jini. Mai kukan ciwo zai jira wanda muryarsa ta dushe yana jan numfashi. Kullum ki amsa wasu tambayoyin gwaji, kuma ki karanta bayanin amsar har a kan waɗanda kika ci. Haka NCLEX, jarrabawar samun lasisin nas, take, musamman tun da aka sauya mata fasali a Afrilun 2023, tambaya 85 zuwa 150 cikin awa 5, ana ba ki labarin majiyyaci ana kallon yadda kike yanke hukunci.

Gwajin lissafin da kike jin haushinsa kuwa, za ki gode musu. Akwai daren da za a ba ki mutum yana kan injin numfashi, famfunan magani sun jeru a gefen gadonsa. Norepinephrine miligiram 4 cikin ruwa mililita 250, mutum mai kilo 80, likita ya ce maikurogiram 0.05 kan kilo a minti. Mililita 15 a awa ke nan. Famfo zai lissafa miki, amma in wani ya shigar masa da lamba ba daidai ba, kanki ne kaɗai zai ce a'a, wannan ba haka ba ne.

Shawarata ta ƙarshe, in da hali ki bar aikin gidan tsohuwar ki nemi aikin mataimakiyar nas a ICU, ko da kwana ɗaya a mako. Shugabar sashen za ta san fuskarki, in kin gama sai ta ɗauke ki kai tsaye. Daga nan ki tara awa 1,750 ki zauna jarrabawar CCRN ta shaidar ƙwarewa a aikin ICU, makarantu da yawa suna son ganinta.

Anti Talatu ta rubuta:

'Yata Maman Hanifa, sannu, Allah ya yi miki albarka ya raya zuri'a. Daga gida Najeriya nake rubuto miki. Wannan aikin da kike buri shi nake yi, har furfura ta same ni a cikinsa. Mu hanyarmu ta fi taku gajarta: shekara 3 a makarantar jinya, jarrabawar NMCN, hukumar jinya da ungozoma ta Najeriya, aiki a wod, sannan shekara ɗaya da rabi ta kwas ɗin maganin barci a asibitin koyarwa. Ba mu da kayan aikinku, amma jikin ɗan Adam ɗaya ne.

Baban Sadik ya yi bayani mai kyau, Allah ya saka masa. Wuri ɗaya ne ban bi shi ba, inda ya ce karatun jinya sama-sama ne. Kuma ke ma akwai abin da kika rubuta da ya tsaya mini a rai, wato shafi takwas a kan tsoho ɗaya da kika yi wa wanka kika auna wa jini. Na ji kamar kina ganin wannan ɓata lokaci ne kafin a kai ga aikin gaske. 'Yata, shi ne aikin gasken.

Bari in ba ki abin da muke gani a kai a kai. An kawo mace daga ƙauye cikin dare, ta kwana biyu tana naƙuda, ta galabaita, leɓenta ya bushe. Likita ɗaya ne a asibitin kuma shi zai yi aikin. Likitan maganin barci babu, ni ce. Na sa mata babbar allurar ƙarin ruwa a hannu, na zaunar da ita ta sunkuya, na laluba tsakanin ƙashin baya na uku da na huɗu a ƙugu, ruwa ya ɗigo garau, na tura bupivacaine, muka kwantar da ita. Ba a yi minti uku ba ta ce, "Sista, amai nake ji." Sabuwar ɗaliba kwano za ta ruga nema. Ni kuwa na san jininta ne ya sauka, don allurar baya tana buɗe jijiyoyin jini, ga nauyin ciki ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Yatsana yana kan bugun hannunta tun kafin na'ura ta gama awo, na ji ya yi siriri yana neman ɓacewa. Na sa aka karkata ta hagu, na buɗe ruwa gaba ɗaya, na ba ta ephedrine, na sa mata oksijin. Aman ya tafi, bugun ya cika a ƙarƙashin yatsana, na ce wa likita bismillah.

A ina yatsan nan ya koyi bambance bugu mai ƙarfi da mai rauni? Ba a kwas ɗin shekara ɗaya da rabi ba. A wod ne, lokacin da nake ɗaliba, ana tashinmu mu bi gado-gado muna ƙirga bugu da numfashi da agogo a ƙirji. Wurin yi wa tsoho wanka ne za ki ga ƙafarsa ta kumbura, ki ga ba ya iya kwanciya rigingine sai an tokare shi da filo, ki ji fatarsa ta yi sanyi da danshi. Ranar da aka kawo miki irinsa tiyata, kafin ki buɗe fayil kin san zuciyarsa ba za ta ɗauki cikakken magani ba. Mai barci ba ya magana. Ba zai ce miki nan ke ciwo ba, ba zai ce iska ta yanke ba. Duk abin da za ki sani daga jikinsa za ki karanta, kuma karatun jiki a kan masu ido biyu ake koyonsa.

A ƙasar da kike ma haka aka faro. Alice Magaw, nas ɗin da ta yi aiki da likitocin gidan Mayo a garin Rochester na jihar Minnesota, ta wallafa a 1906 cewa ta ba da maganin barci fiye da sau 14,000 ba tare da an rasa rai ko ɗaya ta dalilin maganin ba. Ba ta da allon da ke nuna bugun zuciya, ba ta da na'urar auna oksijin a yatsa. Ɗiga magani take a kan ƙyalle tana kallon fuska da numfashi.

Kada ki rage buri. Binciken da mujallar Lancet ta fitar a 2015 ya ce mutum biliyan 5 a duniya ba su da halin samun tiyata da maganin barci mai aminci a lokacin da suke buƙata, kuma mu nan muna cikinsu, da idona nake gani. Hannu ake nema. Amma ranar Alhamis in kin shiga asibiti, ki ajiye CRNA a bakin ƙofa, ki zama ɗalibar tsohon nan da zuciya ɗaya. Ki roƙi nas ɗin da aka haɗa ku ta bar ki ki sa allurar ƙarin ruwa duk lokacin da dama ta samu, har hannunki ya daina rawa.

Ummu Yasir ta rubuta:

Salam Maman Hanifa. Ni nas ce a ICU a jihar Maryland. Na taɓa riƙe wannan buri da gaske, har CCRN na yi, daga baya muka zauna da maigidana muka ga ba zai yiwu mana ba a lokacin. Ban yi nadama ba, ina son aikina. Na shigo ne saboda tambayarki ta uku, don na ga ba wanda ya amsa ta sosai.

Ƙwaƙwalwa ba ita ce za ta hana ki ba. Wadda ta ci anatomi da fiziyoloji da A da yara biyu a gida tana da kai. Kuɗi da lokaci su ne maganar. Shekara ukun nan babu albashi. Makarantu da yawa tun ranar farko suke gaya miki kada ki yi aiki, kuma ko ba su faɗa ba, wanda zai kasance a ɗakin tiyata kafin shida na safe yana duba inji, ya dawo ya shirya majiyyatan gobe, ina ya ga lokacin aiki? Kuɗin makaranta a wurare da dama ya haura dala 100,000, ban da haya da abinci da inshorar lafiya. Yawancin ɗalibai bashi suke ci, bashin kuma da kuɗin ruwa yake tafiya. Mu wannan shi ya fi tsaya mana, kowa kuma da yadda malaminsa ya ba shi fatawa, ba zan yanke wa kowa ba. Rundunar sojan ƙasa ta Amurka tana da nata shirin da ake karatu ana karɓar albashi, amma shiga soja ne da duk abin da ke cikinsa.

Sannan ba lalle a bar ki a garinku ba. Ana iya tura ɗalibi wani asibiti mai nisa na wasu makonni don ya cika adadin wani nau'in tiyata. Wa zai kai yara makaranta? Wa zai zauna da mai zazzaɓi? Ga 'yan gida, waɗanda da zarar sun ji kin zama nas a Amurka buƙatu za su fara shigowa, kuma da haƙƙinsu. Ranar da kika ce musu za ki ajiye albashi shekara uku ki koma aji, ba kowa zai fahimta ba. Iyaye mata suna gamawa, na san waɗanda suka gama. Amma duk wadda na sani akwai wani tsayayye a bayanta, miji ko uwa ko 'yar'uwa da ta tare a gidan. Don haka wannan ba burinki ke kaɗai ba ne, na gidan ne gaba ɗaya. Ki zauna da Baban Hanifa tun yanzu, da biro da takarda. Shekarun da za ki yi a ICU ku rayu a kan albashi ɗaya ku tara ɗayan.

Kan barin aikin tsohuwar, ni ban goyi baya ba a wannan zangon. Na yi irin aikin. In ta yi barci bayan azahar kina da awa biyu ko uku na karatu ana biyanki. Mataimakiyar nas a ICU ko zama ba ta yi, juya majiyyata kawai zai cinye mata ƙarfi. Ki bari sai kin tsallake famakoloji da jinyar manya, a shekarar ƙarshe sai ki nemi ICU, ki kuma roƙa a tura ki can a aikin koyo na ƙarshe.

Abu ɗaya kuma. Ranar da za ki je ganawar neman aiki a ICU, kada ki buɗe da cewa shekara ɗaya za ki yi ki tafi makarantar CRNA. Horar da sabuwar nas a wurinmu watanni yake ci, ba shugabar da za ta so ta sha wannan wahala a kan mai shirin tafiya. In an tambaye ki kada ki yi ƙarya, amma ki nuna aikin kansa kike so ki iya. Ita ce dai za ta rubuta miki takardar shaida ranar da za ki nemi makaranta.

Maman Hanifa ta rubuta:

Wallahi na rasa bakin godiya. Allah ya saka muku da alheri, ya biya muku buƙatunku. Anti Talatu, maganarki ta shige ni, na karanta ta har na karanta wa maigidana. Ummu Yasir, mun sa ranar Lahadi da dare za mu zauna a kan lissafin, kuma zan riƙe aikin tsohuwar zuwa ƙarshen shekara kamar yadda kika ce. Baban Sadik, na fara zanen jiya bayan yara sun kwanta, kuma tun a nan na gane dalilin da ya sa maganin asma yake sa zuciya bugawa da sauri, abin da na haddace a baya ban san tushensa ba.

Ƙarin tambaya ɗaya. Ni raina ya fi kwanciya da jarirai. In na yi aiki a ICU na jarirai sabbin haihuwa, ko a sashen gaggawa, za a lissafa mini shi? Jarrabawa ta gaba kuma a kan magungunan zuciya ce, saura mako biyu. Ku sa ni a addu'a.

Baban Sadik ya rubuta:

Amin, Allah ya ba da sa'a. Anti Talatu, na karɓi gyara, Allah ya ƙara girma. Maganar Ummu Yasir kan aikin ma ta fi tawa dacewa da halin da kike ciki.

Kan tambayarki, kowace makaranta da nata sharaɗin, kuma suna rubuta shi a shafinsu na intanet. ICU na manya shi ne wanda ba a gardama a kansa, na tiyata ne, na zuciya ne, ko na cututtukan ciki. Na yara, makarantu da yawa suna karɓa. Na jarirai sabbin haihuwa, wasu suna karɓa wasu ba sa karɓa. Sashen gaggawa kuwa yawanci ba sa lissafa shi, don abin da suke nema shi ne wanda ya zauna da majiyyaci ɗaya awa 12 yana sarrafa injin numfashi da magungunan ɗaga jini, yana karanta awon da ke fitowa daga cikin jijiya kai tsaye. Ki zaɓi makarantu uku ko huɗu da za ki iya zuwa ba tare da kin tayar da iyali ba, ki karanta sharuɗɗansu tun yanzu. In hutu ya zo ki nemi izini ki bi wani CRNA yini guda a ɗakin tiyata, wasu makarantun ma suna neman shaidar hakan.

Magungunan zuciya kuma, ki fara da digoxin da furosemide tare. Furosemide yana zubar da potasiyam ta fitsari, in potasiyam ya yi ƙasa kuma digoxin yana zama guba. Majiyyacin zai daina cin abinci, ya ce tashin zuciya yake ji, ko ya ce yana ganin abubuwa rawaya-rawaya. Malamai suna son tambaya a nan. In kin gama zanen ki ɗauki hotonsa ki sa a nan mu duba miki.